Lodin kamyo a hanyar Kwatano zuwa Maraɗi: daga gujiya zuwa atamfar Sin

Muna ganin tarihin masana'antun yankinmu yana karantuwa cikin lodin kamyo. A shekarun 1950, direbobi gujiya suke ɗauka daga Maraɗi zuwa Paraku, inda hanyar jirgin ƙasa ta Kwatano ta tsaya tun 1936. Bayan farin shekarun 1970 noman gujiya ya faɗi, sai alhazan Maraɗi suka dogara ga kayan transit: taba sigari da yadi suna haurowa daga tashar ruwan Kwatano, su bi ta Gaya, su ƙetara Najeriya.

Rufe masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007 ya nuna inda aka kai: atamfar da ake saƙawa kusa da mu ta koma zuwa daga Sin. Ga direba, abin fuska biyu gare shi. Nisan masana'anta ya ƙara mishi aiki. Amma abincinshi ya rataya ga duwan da iyaka. Da Najeriya ta rufe iyakarta, daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga 2019 zuwa 2020, kamyoyi sun yi jerin gwano, direbobi suna cin guzurinsu a bakin hanya. Ƙasar da ba ta saƙa tufafinta, ko aikin direbanta a hannun wani yake.