Ɗan Kura: Rawanin Da Ya Kai Sunan Garinmu Hamada

Duk wanda ya halarci taron ƙungiyarmu na bayan Sallah ya ga irin shigar alfarmar da 'ya'yan garin nan mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko suke zuwa da ita. Maza cikin manyan riguna na shaddar Getzner da hulunan zanna, iyayenmu mata da ƙannenmu kuma cikin leshi da atamfa da gwala-gwalan Dubai. Abin gwanin ban sha'awa, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai da na tsaya na ƙare wa zauren kallo, ban ga ko taƙi ɗaya na tufar da aka saƙa aka rina a Kura ba, alhali garinmu yana cikin 'yan tsirarun garuruwan ƙasar Hausa da aka raɗa wa tufa sunansu. Wannan ne ya sa na ga dacewar in waiwayi tarihin baƙin rawanin nan mai walƙiya da ake kira ɗan Kura, musamman domin yaranmu da aka haifa a birane, waɗanda in an ambaci Kura shinkafa kawai ke faɗo musu a rai.

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, domin ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma bunƙasar da ta shafe mu ta zo ne a ƙarni na 19, bayan jihadi, lokacin da ƙasashe masu yawa suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, hanyoyin fatauci suka buɗe, garuruwan kudancin Kano irin su Kura da Zarewa da Dal suka cika da marina. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Borno a gabas, da Adamawa a kudu. A ƙiyasinsa, abin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai a shekara bai gaza kayan raƙumi 300 ba, wanda kuɗinsa ya kai wuri miliyan 60. Wani abin mamaki shi ne yawancin kayan ba su bin miƙaƙƙiyar hanya, sai sun zaga ta Gat da Gadamas, kuma duk da wannan doguwar tafiya fatake suna cin riba. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan wannan sana'a, inda ya nuna cewa ramukan rini da ake shafe su da laso, waɗanda suka maye gurbin tukwanen ƙasa, su ne suka ba marina damar rina kaya masu yawa a lokaci guda cikin sauƙin farashi.

A cikin wannan babbar kasuwa, Kura ta zaɓi aikin da ya fi kowane wahala. Ana saƙa turkudi da zare mai laushi, ƙwarya-ƙwarya, wato siraran layukan saƙa waɗanda faɗin mafi kyawunsu bai wuce yatsa ba, sa'annan maɗinka su harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon yawan ƙwaryoyin da sirantarsu, gwargwadon darajar rawanin. Daga nan sai karofi. A zuba busasshen baba da toka da katsi cikin ramin, a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda tufa ke fitowa daga ramin kore-kore, sai iska ta buge ta sannan ta juye shuɗiya a kan idonsa. Haka za a yi ta tsomawa ana shanyawa har shuɗin ya koma baƙi. Ko katsin da ya kwanta a gindin ramin ba a zubarwa. Ƙona shi ake yi, wani ya koma cikin rini, wani a haɗa shi da gashin jima da dafara a yi lason shafe sabon rami.

Sirrin ɗan Kura kuwa yana mabuga. A nan ake barbaɗa garin shuni, a haɗa da ɗan kitse da yayyafin ruwa, mabuga su zauna gaba da gaba a kan gungume suna sauke sanduna bi da bi, har tufar ta ɗauki ƙyalli mai sirkin ja-ja kamar bayan ƙwaro. Sai a ninke, a naɗe cikin takarda, domin ko hannu ya taɓa sai ya bar shaida. Wannan zubar da yake yi, wadda ɗan birnin yau zai kira aibi, ita ce abin nema ga masu sayensa. Buzaye, waɗanda ke kiransa alasho, ba su wanke shi, kuma shuɗin da yake bari a goshi da kumatu ado ne da alamar wadata, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane. Ayarinsu kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkudi. Ke nan mutumin da bai taɓa taka Kura ba, da aikin Kura yake rufe fuskarsa ranar aurensa. A gida kuma sarakuna da hakimai suna naɗa shi ranar hawa, mata suna yafa turkudi ranar biki.

Akwai waɗanda tarihi bai cika ambata ba, su ne kakanninmu mata. Kowane zare da ya shiga turkudi, kafin zuwan zaren inji, sai da wata mace ta gurje audugarsa, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari tana shafa alli a yatsa. Da kuɗin kaɗi ake tara wa 'ya mace tasoshi, a saya mata murjani da tsakiya da awarwaron azurfa. Ni kaina na tashi na tarar da turkudin kakata a ƙasan adudu, cikin takardarsa, ba ta fito da shi sai za ta gidan biki, kuma in ta dawo wuyanta kan kwana biyu da shuɗi.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911 ɗauke da yadin Ingila, fatauci ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi sun tarwatsa Abzin. Duk da haka ɗan Kura ya fi sauran tufafin gargajiya jimiri, saboda babu injin da ya iya kwaikwayon bugunsa. Abin da ya fi karya shi, a ganina, shi ne farin 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbobin Buzaye. Wanda ya rasa raƙumansa ba ya sayen rawani mai tsada. A daidai wannan lokaci aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya shigo, matasa suka bar bakin rami suka nufi gona. Ban ga laifinsu ba, kowa inda zai ci abinci yake nufa.

Har yanzu akwai 'yan gidajen da ke riƙe da sana'ar, amma yawancin gwanayen sun manyanta, ramuka da dama kuma an cike su an yi gini a kai. Shawarata ga kwamitin ilimi da al'adu ita ce, kafin taro mai zuwa, a tura ɗalibanmu da ke jami'o'i su zauna da dattawan karofi da na mabuga, su naɗi bayaninsu da muryarsu, su rubuta sunan kowane kayan aiki da ma'aunin kowane haɗi. A kuma nemi izinin masu wani karofi guda a kewaye shi da katanga. Kyautar da muke ba manyan baƙi a taronmu, maimakon allon katako da ake bugowa daga birni, me zai hana ta zama rawani ɗan Kura, a naɗe cikin takardarsa, a sayo shi kai tsaye daga hannun wanda ya buga shi?