Daga Baƙo Zuwa Abokin Ciniki: Tarihin Takardun Ɗalibin Waje a Birtaniya

Ɗalibin da ke shirin tafiya jami'a a Birtaniya yau sai ya haɗa takardu aƙalla biyar kafin a dubi buƙatarsa ta biza: shaidar ya iya Turanci, lambar da jami'a ke bayarwa wadda ake kira CAS, bayanin asusun banki da ke nuna kuɗinsa sun yi kwana 28 a ajiye, shaidar biyan kuɗin kula da lafiya, sannan ga mai tasowa daga Najeriya ko Ghana, takardar gwajin tarin fuka. Yawancin masu cika waɗannan takardu suna ɗaukarsu tamkar rani da damina, abin da aka tarar kuma za a bari. Alhali babu ɗaya daga cikinsu da ta kai shekara hamsin a siffarta ta yanzu. Kowacce tana da ranar haihuwa, kuma kusan kowacce ta fito ne daga wata rigimar siyasa ko ta kuɗi a Landan, wadda ɗalibin da abin ya shafa ba ya wurin sa'ad da aka yi ta.

A zamanin mulkin mallaka, shiga ƙasar ba ita ce matsala ba. Ɗan Legas ko ɗan Akara talakan sarkin Ingila ne a idon doka, in ya sami gurbin karatu da kuɗin jirgin ruwa, babu mai tare shi a bakin gaɓar Libaful. Wahalar tana farawa ne bayan ya sauka, wajen neman ɗakin kwana. Masu gidajen haya da dama ba sa karɓar baƙar fata, wasu ma sukan rubuta hakan a jikin taga. Wannan na cikin dalilan da suka sa Ladipo Solanke da Herbert Bankole-Bright da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a Landan a watan Agustan 1925. Solanke ya shafe shekaru yana zagaya garuruwan Afirka ta Yamma yana tara gudummawa daga sarakuna da 'yan kasuwa, har aka buɗe masaukin ƙungiyar a titin Camden a 1933. Shekara guda bayan haka aka buɗe wani masaukin mai suna Aggrey House da goyon bayan Ofishin Mulkin Mallaka, 'yan WASU kuwa suka ce an gina shi ne don a sa musu ido. Zarginsu yana da tushe, domin a falon irin waɗannan masaukai ne aka dafa yawancin tunanin neman 'yancin kai.

Daga Arewacin Najeriya, tafiyar ta zo a makare, kuma ta hannun gwamnati. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin malaman makaranta na farko da aka tura Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Hukuma ce ta zaɓe su, ita ta biya, ita ta shirya masauki. Ɗalibin wannan zamani amana ne a hannun daula: ana kula da shi, ana kuma lura da shi, da fatan zai koma gida yana kallon duniya da idon Ingila. Lissafin bai cika fita yadda aka so ba, kamar yadda rayuwar Malam Aminu ta nuna bayan dawowarsa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan labari shi ne kuɗin makaranta. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, abin da ɗan Ingila ke biya shi ne baƙo ke biya, kuma kuɗin kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da karatun ke ci, domin baitulmali ne ke ɗauke da jami'o'i. Dokar 1962 ta fara taƙaita shigowar 'yan ƙasashe rainon Ingila, amma ta bar wa ɗalibai ƙofa. Bambancin farko ya zo ne a watan Disambar 1966, ana gab da hutun Kirsimeti, sa'ad da sakataren ilimi na gwamnatin Labour, Anthony Crosland, ya sanar cewa daga zangon 1967 baƙo zai biya fam 250 a shekara, alhali ɗan gida na biyan kusan fam 70. Ɗalibai suka ƙaurace wa darussa a watan Fabrairun 1967, shugabannin jami'o'i da dama suka mara musu baya, suna cewa ilimi ba ya tambayar fasfo. Gwamnati ba ta janye ba. Daga wannan rigima aka haifi majalisar kula da al'amuran ɗaliban waje a 1968, wadda har yau tana nan da sunan UKCISA, kuma har yau ita ce wurin da ake samun bayanin dokokin a fayyace ba tare da an biya ko sisi ba.

Fam 250 somin taɓi ne. A 1979 gwamnatin Margaret Thatcher, tana neman inda za ta rage kashe kuɗi, ta yanke cewa daga 1980 sabon ɗalibin waje zai biya cikakken abin da karatunsa ke ci: aƙalla fam 2,000 ga fannonin adabi da zamantakewa, fam 3,000 ga kimiyya, fam 5,000 ga shekarun asibiti na karatun likita. 'Yan ƙasashen Tarayyar Tattalin Arzikin Turai aka bar su a kan kuɗin 'yan gida. Ma'anar wannan ita ce ɗan Jamus ya biya kaɗan, ɗan Malesiya, ko ɗan Najeriya wanda kakansa ya yi wa Ingila yaƙi a Bama, ya biya ninkin-ba-ninkin. Adadin ɗaliban waje ya faɗi cikin 'yan shekaru, kuma 'yan ƙasashe matalauta ne suka fi raguwa. Malesiya, wadda ta fi kowa yawan ɗalibai a can, ta fusata, har Firaminista Mahathir Mohamad ya umarci ma'aikatun gwamnatinsa a 1981 da kada su sayi kayan Birtaniya sai in babu na wata ƙasa. Kuɗin makaranta na cikin manyan dalilansa. Da kamfanonin Ingila suka fara jin jiki, sai sakataren harkokin waje Francis Pym ya fito da shirin sassauci na fam miliyan 46 a 1983. A cikinsa aka ƙirƙiro tallafin karatun da daga baya aka raɗa wa suna Chevening. Wato tallafin da matasa ke rububin nema kowace shekara asalinsa kuɗin ban-haƙuri ne.

Jami'o'in da suka yi kuka a 1979 ba su daɗe ba suka share hawaye. Sun gano cewa gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin baƙo ne kawai, ba ta ƙayyade mafi yawa ba, kuma duk abin da ya shigo nasu ne. Nan aka fara aika jakadu zuwa bajekolin ilimi a Kwala Lamfa da Hon Kon da Legas, nan kuma sana'ar dillalan karatu ta samo tushe. Tsarin bai sauya ba har yau: dillalin da ke cewa shawararsa kyauta ce, galibi jami'a ce ke biyansa la'ada a kan kowane ɗalibin da ya kawo, don haka jerin makarantun da yake nunawa jerin masu biyansa ne. A 1999 Tony Blair ya mayar da jawo ɗaliban waje manufar gwamnati a fili. Daga 2017 zuwa 2025 kuwa, kuɗin ɗan gida a Ingila ya tsaya cik a kan fam 9,250 yayin da tsadar komai ke hawa, kuma da kuɗin baƙo ake cike giɓin.

Jarrabawar Turanci ta bi sawun wannan ciniki. Jami'ar Kambirij ta fara gwada Turancin baƙi tun 1913, da jarrabawar sa'a goma sha biyu wadda mutum uku suka zauna, babu kuma wanda ya ci. Amma gwajin da aka tsara don masu neman shiga jami'a ya fito ne a 1980 da sunan ELTS, aka sake masa fasali a 1989 tare da haɗin gwiwar Ostireliya ya zama IELTS. Sakamakonsa daga 0 zuwa 9 ne, kuma yawanci shekara biyu ake karɓarsa, don haka wanda ya yi gaggawar zama tun bai shirya tafiya ba yana iya biya sau biyu. Jami'o'i da yawa suna karɓar kiredit na Turanci a WAEC maimakonsa, wasu da sharaɗin kada ya tsufa, kuma wannan abu ne da ake tambayar jami'ar kai tsaye. A 2014 shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a wasu cibiyoyin wata jarrabawar dabam, TOEIC. Ma'aikatar cikin gida ta soke izinin zaman dubun-dubatar mutane, kuma daga baya kotuna da ofishin binciken kuɗin gwamnati suka nuna cewa an haɗa da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Sauyi mafi girma ga rayuwar ɗalibi ta yau da kullum ya zo ne a 2009, da tsarin biza mai ƙidayar maki. Kafin nan jami'in biza ne ke duba takardar karɓa ya yanke hukunci. Sabon tsari ya ɗora nauyin a wuyan makaranta: sai mai lasisin gwamnati ce za ta iya kawo ɗalibi, ita ce mai tsaya masa, kuma wajibi ne ta kai rahoto idan bai yi rajista ba, ko ya daina halartar darasi, ko ya bar karatu. Lambar CAS, wadda ta zama dole a 2010, ita ce igiyar da ta ɗaure biza da makaranta guda. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma wata shida take yi. A watan Agustan 2012 aka ga abin da igiyar ke nufi, sa'ad da aka ƙwace lasisin Jami'ar London Metropolitan, ɗalibai sama da 2,000 suka wayi gari ana ce musu su nemi wata makaranta cikin kwana 60 ko su bar ƙasar. Kotu ta sassauta, aka mayar da lasisin a 2013, amma ƙa'idar tana nan: matsayin ɗalibi a ƙasar yana rataye ne da matsayin makarantarsa da kuma dangantakarsa da ita.

Daga wannan tsari ne dokar kwana 28 ta fito. Dole asusun ya nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata tara, kuma kada adadin ya sauka ƙasa da abin da ake buƙata ko da na yini ɗaya. An yi dokar ne don hana aron kuɗi na kwana biyu a nuna wa jami'i a mayar. A watan Janairun 2025 an ɗaga kuɗin zama zuwa fam 1,483 a wata a Landan da fam 1,136 a wajenta, wato fam 13,347 ko 10,224 kafin a taɓa kuɗin makaranta, kuma adadin yana ci gaba da hawa. A nan ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin kula da lafiya kuwa bai wanzu ba sai a 2015, inda ya fara da fam 150 a shekara ga ɗalibi. Ya koma 300, ya koma 470, a watan Fabrairun 2024 ya kai 776, kuma ana biyansa gaba ɗaya na tsawon bizar tun kafin a tashi. Aikin da aka yarda ɗalibin digiri ya yi lokacin zango sa'a 20 ne a mako, abin da zai iya sayen abinci amma ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Izinin zama bayan kammala karatu shi ne ya fi kowane sashe yawo. An ba da shekara biyu a 2008, Theresa May ta soke a 2012, aka dawo da shi a watan Yulin 2021. Dawowarsa ta buɗe ƙofa ga 'yan Najeriya fiye da kowane lokaci a tarihi, har a 2022 iyalan da suka raka ɗaliban Najeriya, kimanin 60,000, suka ɗara ɗaliban kansu yawa. Martanin bai jima ba: daga Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na kwas zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Hakan ya zo daidai da faɗuwar naira, wadda ta tashi daga kusan 460 a kan dala a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 zuwa kusan 1,500 a farkon 2024. Iyayen da suka yi lissafin shekara guda a naira suka ga ajiyarsu ta koma kashi ɗaya cikin uku. A bazarar 2024 wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kason kuɗinsu a kan lokaci aka rufe musu shafin karatu, aka kai sunansu ma'aikatar cikin gida kamar yadda dokar 2009 ta tanada, wasunsu ana saura 'yan makonni su miƙa kundin kammalawa. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin Labour ta bayyana niyyar rage izinin zaman bayan karatu daga shekara biyu zuwa wata 18.