Su Wa Ke Kai Mutane Ƙololuwar Everest?

Jama'a, ana ta jinjina wa masu ɗaukar hoto a saman dutsen Everest, ni kuwa 'yan ƙabilar Sherpa na Nepal nake tunawa. Su ke ɗaura igiya, su ke dakon tukwanen iskar shaƙa.

Tun 1922 ƙanƙara ta rufto ta kashe 'yan dako bakwai a tawagar Turawan Ingila. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwa tare, amma Hillary aka ba muƙamin "Sir", Tenzing kuwa lambar yabo. Wannan har gobe yana min ciwo.

A 2014 mutum 16 suka mutu rana guda a Khumbu, suna share wa masu biyan kuɗi hanya. Gwamnati ta ce za ta ba kowane gida kusan dala 400. Sai sauran suka ajiye aiki, kusan duk hawan shekarar ta ɓangaren Nepal ya tsaya cak.