Laso da makuba

Laso kwaɓi ne da maginan Hausa suke shafe gini da shi, in ya bushe ya yi tauri da santsi, ruwa ba ya ratsa shi. Kafin zuwan siminti, shi da makuba ne manyan kayan ƙarasa gini tun daga Zariya da Kano har Damagaram.

Asalin laso daga marina yake. Idan ruwan baba ya gama aiki a rijiyar rini, akan kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa, a shanya ta, a ƙone, a daka ta zama gari. Wannan shi ne katsi. Sai a haɗa shi da gashin akuya da majema suka kankare daga fata, wato gashin jima, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Katsi ke sa tauri, gashi ya hana tsagewa, dafara ta riƙe su. Da lason ake shafe cikin rijiyar rinin kanta, kamar na Ƙofar Mata a Kano, da kan soro da rawanin gini. Don haka garin da rini da jima suka kafu, nan laso ke samuwa. Damagaram, wadda ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, ta yi suna da jima, gidajen unguwar Birni kuma sun shahara da zanen bango.

Makuba ta fi sauƙin samu. Daga ɓawon ɗorawa ake yin ta: a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, shafen ya fito ja mai duhu. A cikin ɗaki, bayan magini ya gama yaɓe, akan goge bangon da dutse mai santsi tun yana da danshi, sannan a shafa farar ƙasa. Daɓe kuwa aikin mata ne. Sukan taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa har ƙasa ta yi sheƙi, musamman a ɗakin amarya.

Maroko na da fasaha irin ta laso, ana kiranta tadalakt. Maginan Marrakesh kan ƙona dutsen farar ƙasa, su shafa a bango, su murje da dutse, su bi da baƙin sabulun zaitun. Haɗuwar sabulun da farar ƙasar ce ke toshe ƙofofin ruwa, shi ya sa ake yin ta a gidajen wanka. Abin da suka samu daga dutse, Bahaushe ya samo daga ragowar rini.

Siminti ya yaɗu bayan zuwan Turawa, ya ƙara yawa da aka kafa masana'antunsa a Malbaza da Sakkwato a shekarun 1960. A lokaci guda yadin kanti da rinin bature suka durƙusar da marina, katsi ya yi wuya. A garuruwa irin su Gure, tsohuwar cibiyar masarautar Muniyo, inda har yau ake gini da ƙasa, sau da yawa siminti ake shafawa a kan tubali. Sai dai ba ya kama jikin ƙasa sosai: yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya, ya ɓamɓare. Wannan matsalar ce ke sa masu gyaran tsofaffin fadoji da masallatai neman dattawan magina da suka san haɗin laso.