Sieve (yaren tace imel)

Sieve wani ƙaramin yaren kwamfuta ne da ake rubuta dokokin tace saƙonnin imel da shi. Sunan kalmar Turanci ce mai ma'anar rariya. Mai akwatin imel yana rubuta umarni, misali a kai saƙonnin wani kamfani cikin folda ta daban, a tura wasu zuwa wani adireshi, ko a zubar da su, sannan sabar imel ta aiwatar da umarnin a daidai lokacin da saƙo ya iso. Wata matsala da ake fuskanta game da shi ita ce mutum ya buɗe manhajar imel ya tarar babu wurin saka waɗannan dokoki, ko ya saka su amma ba su aiki.

Tarihi

Sieve ya samo asali ne daga aikin sabar imel ta Cyrus a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a ƙasar Amurka. Hukumar IETF ta fitar da ƙa'idarsa ta farko, RFC 3028, a watan Janairun 2001, wadda Tim Showalter ya rubuta. A watan Janairun 2008 aka maye gurbinta da RFC 5228. A shekarar 2010 kuma aka fitar da RFC 5804 mai bayyana ManageSieve, wato hanyar da manhaja ke bi ta ɗora rubutattun dokoki a kan sabar, ta gyara su ko ta goge su. An keɓe wa ManageSieve ƙofa mai lamba 4190. Kafin nan ƙofa ta 2000 aka fi amfani da ita.

Yadda yake aiki

Da gangan aka taƙaita yaren. A asalinsa ba shi da umarnin da ke maimaita kansa, kuma ba ya iya kunna wata manhaja a kan sabar, don kada kuskuren mutum ɗaya ya durƙusar da imel na kowa. Wasu umarnai, irin su fileinto na kai saƙo folda da vacation na ba da amsa kai tsaye, ƙari ne a kan asalin yaren, don haka dole a ambace su da kalmar require a farkon rubutun. Idan rubutun ya ci karo da kuskure, ƙa'ida ta ce a ajiye saƙon a babban akwati maimakon a ɓatar da shi.

Bambancinsa da dokokin da ake saitawa a cikin manhajar kwamfuta shi ne ba ya jiran na'urar mai shi ta hau intanet. Wannan yana da muhimmanci a wuraren da sadarwa ke yankewa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, har da ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, kuma rufewar ta ɗauki makonni. A irin wannan hali, dokar da ke kan sabar tana ci gaba da rarraba saƙonni, tana tura na gaggawa ga abokin aiki a wani gari, tana kuma sanar da masu aikowa cewa mai akwatin ba ya kusa. Dokar da ke cikin kwamfuta kuwa sai layi ya dawo.

Dalilan rashin ganinsa a manhaja

Ba kowace manhaja ce ke zuwa da shi ba. KMail tana da shi a cikinta. Thunderbird ba ta da shi sai an ƙara mata wata ƙaramar manhaja, kuma fitowa ta 78 a shekarar 2020 ta daina karɓar tsofaffin ƙare-ƙare, abin da ya sa wasu suka rasa abin da suka saba da shi bayan sabuntawa. A Roundcube, shafin tacewa ba ya bayyana sai mai kula da sabar ya kunna ƙarin da ake kira managesieve a fayil ɗin saituna. Gmail da Microsoft Exchange suna da nasu tsarin dokokin, ba sa karɓar rubutun Sieve, yayin da Fastmail da Proton Mail ke karɓa ta shafukansu.

Dalilai daga ɓangaren sabar

A sabar Dovecot, wani aiki mai suna Pigeonhole ne ke samar da Sieve. A Debian da Ubuntu ya kasu gida biyu: dovecot-sieve mai aiwatar da dokoki, da dovecot-managesieved mai karɓarsu daga manhaja. Idan an saka na farko kaɗai, dokoki za su iya aiki amma manhaja ba za ta ga inda za ta ɗora su ba. Idan kuma ana iya ɗorawa amma ba sa aiki, galibi Postfix ne ke zuba saƙo kai tsaye cikin akwati ba tare da ya miƙa wa Dovecot ta LMTP ko LDA ba, ko kuma ba a saka sieve a jerin mail_plugins na wannan sashe ba.

Matakan gano matsala

Masu kula da sabar kan fara da haɗawa da ƙofa ta 4190. Sabar mai lafiya tana amsawa da sunanta da jerin ƙare-ƙaren da ta sani. Idan ba ta amsa ba, ko dai hidimar a kashe take, ko katangar tsaro ta toshe ƙofar, ko kuma manhajar tana neman tsohuwar ƙofa ta 2000. Idan ta amsa amma ta ƙi shigar da mutum, sai a duba STARTTLS da takardar shaidar sabar, domin sabobi da yawa ba sa karɓar kalmar sirri sai an ɓoye layin.

Bayan haka sai a duba rubutun kansa. Mutum na iya ajiye rubutu da yawa, amma ɗaya ne kaɗai ke zama mai aiki a lokaci guda, kuma sabon da aka ɗora ba ya fara aiki sai an kunna shi. Pigeonhole na da sievec na gano kuskuren rubutu, da sieve-test na gwada doka a kan saƙo guda ba tare da an taɓa akwati ba. Kurakuran da suka faru lokacin isar da saƙo kuma ana samun su a fayil ɗin .dovecot.sieve.log na mai akwatin.