Daga Masu Fito Zuwa 'Yan Makaranta: Tarihin Tseren Kwale-kwale a Sakandare

Tseren kwale-kwalen da makarantun sakandare ke yi a Ingila da Amurka da Ostareliya ya bambanta da tuƙin da aka saba gani a Argungu ko Yawuri, inda matuƙi ke fuskantar gaba da filafili sake a hannunsa. A wannan wasa matuƙi baya yake bai wa inda za shi. Yana zaune a kan 'yar kujera mai tayoyi, ƙafafunsa a ɗaure cikin takalman da aka kafe a jikin jirgi, dogon filafilinsa kuma a maƙale cikin wani ƙarfe da ya fito daga gefe. Jirgin mutum takwas yakan kai mita 18 a tsawo, faɗinsa kuwa da kaɗan ya wuce ƙugun wanda ke ciki. Mutum na tara, wanda ake kira koks, shi kaɗai ke ganin hanya: shi ke saita jirgi, shi ke ba da umarni. A yau ana yi wa wasan kallon na 'ya'yan masu hali, amma asalinsa aikin ƙarfi ne na talakawa.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, gada ɗaya tal ke tsallaka Kogin Thames a cikin garin Landan. Duk mai son haye kogi, ko mai gudun taɓo da cunkoson lunguna, sai ya nemi mai fito. Masu fiton dubbai ne, da ƙungiyarsu ta sana'a wadda doka ta kafa a 1555, kuma yaro sai ya yi shekara bakwai a hannun maigida kafin a yaye shi. Inda ake ribibin fasinja ba a rasa gardamar wa ya fi sauri, attajiran da ake ɗauka kuwa suka mayar da gardamar caca. A ranar 1 ga Agusta, 1715, wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Ailan, Thomas Doggett, ya sa gasa ga sababbin masu fito shida, daga Gadar Landan zuwa Chelsea, tafiyar kilomita bakwai da ɗoriya, ruwa kuma yana turo su baya. Ladan wanda ya ci shi ne kwat da lambar azurfa mai hoton doki, don tunawa da hawan Sarki George na Ɗaya. Har yanzu ana yin wannan gasa.

A wurin waɗannan mutane 'yan makaranta suka koyi tuƙi. Makarantar Westminster tana bakin Thames a tsakiyar Landan, Eton kuma tana can sama, daura da fadar Windsor. Tun ƙarshen ƙarni na 18 yaran Eton ke hayar jirage daga masu fito, su biya su kuɗin koyarwa, wani lokacin ma mai fito ne ke zama a kujerar da ke tsara bugun sauran. Hukumar makaranta ba ta so, domin kogi na cin rai, kuma bakinsa cike yake da mashaya. Ta hana ta gaji, ta koma kawar da kai, sai a 1840 ta amince da wasan a hukumance. Kafin nan yaran sun riga sun yi nisa. Littafin da 'yan Westminster ke rubuta fitarsu ruwa ya faro daga 1813, kuma a 1829 makarantun biyu suka yi karonsu na farko, Eton ta ci. A shekarar ce kuma jami'o'in Oxford da Cambridge suka fara tserensu a Henley, bisa shawarar wasu abokai biyu, Charles Wordsworth da Charles Merivale, waɗanda suka san juna tun suna makarantar Harrow. Shekara goma bayan haka, a 1839, garin Henley ya kafa bikin tserensa na shekara-shekara.

Abin da aka hana jiya sai ya zama abin alfahari. Daga 1860 wani malamin Eton, Edmond Warre, ya karɓi horar da matuƙan makarantar, daga baya ya zama shugabanta. Malamai irinsa sun hango wani abu a cikin jirgin mutum takwas: wasa ne da gwani ɗaya ba ya cin sa. Wanda ya fi kowa ƙarfi, in ya riga 'yan'uwansa tsoma filafili da ƙiftawar ido, rage wa jirgi gudu yake yi. Makarantun da ke renon hafsoshi da masu mulkin ƙasashen da Ingila ta mamaye ba su da darasin biyayya da ya fi wannan. A Eton har aka raba yara gida biyu a lokacin zafi, 'yan ruwa da 'yan tudu, wato masu tuƙi da masu wasan kurket.

Gyaran da ya mayar da jirgin haya jirgin tsere ma daga hannun ma'aikata ya fito. Harry Clasper, matuƙi kuma maƙerin jirage a bakin Kogin Tyne a arewacin Ingila, shi ya inganta ƙarfen gefe a shekarun 1840. Da shi ne jirgi ya samu damar sirancewa ba tare da an gajarta filafili ba. Matthew Taylor, shi ma daga can, ya ƙera jirgin mutum takwas mai santsin ciki a 1856. Wajen 1870 kujera mai zamewa ta bazu, ana kuma danganta ta da John Babcock na New York. Wannan ita ta sauya wasan ɗungurungum, domin ƙarfin tuƙi ya bar damtse ya koma cinya. Har yau abin da sabon shiga ya fi shan wahalar ganewa ke nan: tura jirgi ake yi da ƙafa, hannu na ƙarshe ne.

Da 'yan boko suka iya, sai suka rufe ƙofa. A 1879 masu kula da bikin Henley suka fitar da sharaɗin wanda zai shiga gasarsu. Hana wanda ke tsere don kuɗi abu ne mai hujja. Amma sharaɗin ya haɗa har da duk wanda ke cin abinci da aikin hannu, makanike ne ko mai sana'a ko lebura, ko da bai taɓa karɓar kwabo a kan ruwa ba. Hujjar da aka bayar ita ce aikin ƙarfi na ba mutum fifikon da ɗan ofis ba shi da shi. Gaskiyar kuwa ba a son ɗan mai gida ya sha kaye a hannun ɗan mai fito. Ƙungiyar ƙasa da aka kafa a 1882 ta ɗauki wannan ra'ayi, waɗanda aka ware suka kafa tasu a 1890. A 1920 Henley ta ƙi karɓar John B. Kelly, Ba'amurke daga Filadelfiya wanda ya tashi a aikin gini, ko da yake akwai kuma tsohuwar rigima tsakanin Henley da kulob ɗinsa, Vesper. A shekarar ya je gasar Olamfik a Antwerp ya kayar da Jack Beresford, wanda ya ci kofin da aka hana Kelly nema. A 1936 aka hana tawagar Ostareliya shiga gasar Henley saboda 'yan sanda ne, abin ya zama abin kunya, aka soke sharaɗin a 1937. Ɗan Kelly ya ci wancan kofi a 1947, ƙungiyoyin biyu kuma suka haɗe a 1956.

A Amurka jami'o'i ne suka fara: Harvard da Yale sun kara a Tafkin Winnipesaukee a 1852, karon farko da jami'o'in ƙasar suka yi gasa a kowane irin wasa, wani kamfanin jirgin ƙasa mai neman fasinja ya ɗauki nauyi. Makarantun kwana na arewa maso gabas suka kwaikwayi Eton; St. Paul's ta jihar New Hampshire ta kafa kulob biyu na tuƙi a 1871. Filadelfiya ta bi wata hanya. A can kulob-kulob ne na mutanen gari, jere a bakin Kogin Schuylkill, da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu tun 1858, su suka riƙa ara wa makarantun Katolika da na gwamnati jirage da wurin ajiya. A 1927 wani mai banki, Edward Stotesbury, ya ba da kofi ga makarantun sakandare. Bikin da ke ɗauke da sunansa yanzu yana tara ɗalibai fiye da 5,000 kowane watan Mayu, a kan tazarar mita 1,500.

Makarantun Melbourne a Ostareliya sun fara tserensu tun 1868. Kofin makarantun New Zealand kuwa daga Afirka ya samo suna: sojojin ƙasar da ke sansanin Maadi, kusa da Alƙahira, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi tsere da matuƙan Masar a Kogin Nilu, suka koma gida da kofi, aka mayar da shi na 'yan sakandare a 1947. A Ingila ma ƙarshen yaƙin ne ya ba makarantu gasarsu ta kansu a Henley, Kofin Gimbiya Elizabeth, a 1946. Da aka buɗe shi ga baƙi a 1964, wata makarantar gwamnati daga jihar Virginia, Washington-Lee, ita ta ɗauke shi.

'Yan mata sun daɗe a bakin gaɓa. Sai a 1976, a Montreal, mata suka fara tuƙi a Olamfik. A Amurka abin da ya buɗe hanya doka ce ta 1972, wadda ta haramta bambanta mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Jami'o'in da ke da ɗimbin maza a ƙwallon Amurka sun rasa yadda za su daidaita lissafi, sai suka ga tuƙi wasa ne mai cin mutane da yawa. Hukumar wasannin jami'o'i ta kafa gasarta ta mata a 1997, aka kuma daɗe ana barin kowace babbar jami'a ta ba da tallafin karatu har gurbi 20 ga matuƙanta mata. Iyaye ba su yi jinkirin gane lissafin ba, ƙungiyoyin 'yan mata suka yawaita a sakandare. Henley ba ta sa tseren 'yan mata takwas ba sai 2021.

Yaron da ya shiga ƙungiya a yau yana da sauƙi ɗaya da ɗan ƙwallon ƙafa ba shi da shi: kusan kowa yana farawa ne bai san komai ba, a shekara 13 ko 14, kuma shekarar farko 'yan koyo da 'yan koyo suke karawa. Kafin ya taɓa ruwa za a gwada ko ya iya iyo, a koya masa ɗaukar jirgi a kafaɗa tare da mutum bakwai ba tare da an buga shi da ƙofa ba. A ruwa abin da yake tsoro shi ne filafili ya shiga a karkace, ruwa ya riƙe bakinsa, mariƙin ya dawo ya doki cikinsa, wani lokacin ya cilla shi waje. Turawa na cewa ya kama ƙaguwa. Tafin hannu kan yi bororo ya fashe kafin ya yi kanta. Gajeren yaro mai baki da natsuwa akan ba shi kujerar koks. Tun 1981, da 'yan'uwa biyu Dreissigacker suka fitar da injin motsa jiki na Concept2, rabin horo ya koma tudu. Injin yana auna lokacin da mutum zai ci mita 2,000, tazarar gasar duniya, kuma wannan lamba ita kociyan jami'a ke fara tambaya. Sai dai injin ba ya iyo, kamar yadda matuƙa ke faɗa. Don haka koci kan jera jirage biyu su yi tsere, ya musanya yara biyu a tsakiyar ruwa, a sake, ya ga jirgin da ya ƙara gudu.

Sharaɗin 1879 ya mutu, amma kuɗi da ruwa suna yin aikinsa. Sabon jirgin mutum takwas dubban daloli ne masu yawa, ga rumbun ajiya, ga tirela, ga jirgin inji na koci. Shi ya sa labarin makarantar Manley da ke yammacin Chicago, wadda a ƙarshen shekarun 1990 ta fitar da ƙungiyar sakandare ta farko a Amurka da duk matuƙanta baƙaƙe ne, ya isa a rubuta littafi a kansa a yi fim. Eton kuwa tafkin kanta ta haƙa a Dorney, mai tsawon mita 2,200, kuma a kansa aka yi tseren Olamfik na 2012. A wannan tafki Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu, wanda ya koyi tuƙi a wata sakandare a Johannesburg, ya ci zinare tare da abokansa uku. A kansa kuma Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar, wanda bai fi wata uku da fara horo ba, ya zo na ƙarshe 'yan kallo na yi masa tafi. Bayan shekara huɗu, a Rio, Najeriya ta samu matuƙiyarta ta farko a Olamfik, Chierika Ukogu, haifaffiyar Filadelfiya, wadda ta fara riƙe filafili a ƙungiyar makarantarsu ta 'yan mata.