Tarihin Pug da Buldog na Faransa: Karnuka Biyu da Gasa Ta Sauya wa Kama

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ajiye kare a cikin ɗaki don zaman tare ba don farauta ko gadi ba, iyalan da ke zaune a ƙananan gidajen birni sukan yi ta wasiwasi tsakanin nau'o'i biyu idan suka tashi sayen kwikwiyo, wato Pug da Buldog na Faransa. Dukansu gajeru ne masu faɗin ƙirji da dannanniyar fuska, dukansu sun yi suna wajen saurin sabo da yara, kuma babu wanda yake buƙatar fili mai faɗi ko doguwar tafiya kullum. Pug bai cika wuce kilo 8 ba, yana da naɗaɗɗiyar wutsiya da yawan zubar gashi, shi kuwa Buldog na Faransa yakan kai kilo 12 ko 13, ya fi murɗewar jiki, kuma kunnuwansa a tsaye suke. Wannan kamanni nasu sabon abu ne, domin asalinsu ya yi hannun riga, kuma abin da ya kusanta su bai daɗe sosai da faruwa ba.

Pug ɗan asalin ƙasar Sin ne, inda sarakuna da manyan fadawa suka daɗe suna kiwon ƙananan karnuka masu gajeren hanci a matsayin kayan alfarma. Fatake masu jiragen ruwa ne suka kai shi Turai a wajajen ƙarni na 16, kuma a Holan ya fara samun gindin zama, saboda gidan sarautar Orange ya ɗauke shi tamkar tambarinsa. Akwai labarin baka da ake yawan maimaitawa cewa a shekarar 1572 wani Pug mai suna Pompey ya tashi Yarima William na Orange daga barci da haushinsa sa'ad da mayaƙan Sifen suka yi wa sansaninsa dirar dare, kuma ana danganta yaɗuwar nau'in a Ingila da hawan William na Uku da matarsa Mary gadon sarautar ƙasar bayan juyin mulkin 1688. Hujjar da ta fi waɗannan labarai ƙarfi ita ce hoton da mai zane William Hogarth ya yi wa kansa a 1745 tare da karensa Trump, domin wanda ya dubi hoton zai ga Pug mai dogayen ƙafafu da hanci a fili, wanda da ƙyar mai kiwon yau zai yarda cewa irin nasa ne. Bayan da sojojin Birtaniya da Faransa suka wawushe fadar bazara ta sarkin Sin a kusa da Beijing a 1860, aka ƙara shigo da karnukan Sin masu gajeren hanci cikin Ingila, kuma ƙaunar da Sarauniya Victoria ta nuna wa Pug ta sa masu hali suka yi ta rububinsa.

Buldog na Faransa kuwa daga talakawa ya fito, kuma duk da sunansa, tushensa a Ingila yake. Kakanninsa su ne ƙartin karnukan da ake sakar wa ɗaurarren bijimi don nishaɗin 'yan kallo da masu caca, al'adar da majalisar Birtaniya ta haramta a 1835. Da aikin ya mutu sai masu kiwo suka koma fitar da ƙanana don zaman gida, kuma waɗannan ƙanana suka samu karɓuwa a wurin masaƙan leshi na birnin Nottingham. A cikin ƙarni na 19 da yawa daga cikin masaƙan suka ƙaura zuwa arewacin Faransa neman aiki, suka tafi da karnukansu, sannan dillalan Ingila suka riƙa tura musu waɗanda masu kiwo suka raina saboda ƙanƙanta ko tsayayyun kunnuwa. A birnin Paris mahauta da masu gidajen shan gahawa da matan unguwar Montmartre ne suka fara rungumarsa, kafin masu zane da attajirai su biyo baya. Attajiran Amurka da ke yawon buɗe ido suka ɗauke shi zuwa ƙasarsu, suka kafa masa ƙungiya a 1897, suka dage cewa tsayayyen kunne mai kama da na jemage shi ne siffar ƙwarai, har suka shirya masa baje koli na musamman a otal ɗin Waldorf-Astoria na New York a 1898.

Abin da ya haɗa ɗan fada da ɗan masaƙa a turba ɗaya shi ne gasar nunin karnuka, wadda aka fara a birnin Newcastle a 1859, da kuma ƙungiyar Kennel Club da aka kafa a Landan a 1873, da takwararta ta Amurka da ta biyo baya a 1884. Waɗannan ƙungiyoyi sun kawo abubuwa biyu da suka sauya kiwon kare gaba ɗaya. Na farko shi ne ƙa'idar siffa, wato rubutaccen bayani na yadda kai da hanci da ido da wutsiyar kowane nau'i ya kamata su kasance, wanda alƙalan gasa ke auna kare da shi. Na biyu shi ne littafin asali, wanda ba a shigar da kwikwiyo a cikinsa sai uwarsa da ubansa suna ciki, lamarin da ya rufe ƙofar sabon jini, ya kuma yawaita barbarar dangi da dangi. Tun da ƙa'idar ta yaba gajeren hanci da babban kai, duk mai neman lambar yabo sai ya zaɓi wanda ya fi gajarta hanci ya haɗa da irinsa, kuma da tafiya ta yi tafiya ƙashin fuskar ya tsuke alhali naman da ke cikin baki da maƙogwaro bai ragu daidai da shi ba.

A nan ne gizo ke saƙar, domin kare ba ya fitar da zafin jiki ta hanyar gumi kamar mutum, sai dai ta haki da zaro harshe, don haka wanda ƙofofin hancinsa suka tsuke kuma naman gandarsa ya yi tsawo yakan galabaita da ɗan gudu kaɗan ko da zafin rana. Minsharin da masu shi ke ɗauka abin dariya, a wurin likitocin dabbobi alamar toshewar hanyar numfashi ce, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. Pug yana fama da ciwon ido saboda idanunsa sun firfito daga ramin da ya yi musu kaɗan, kuma yana saurin ƙiba, shi kuwa Buldog na Faransa ya fi fama da ciwon ƙashin baya da na fata, sannan galibin matansa ba sa iya haihuwa sai an yi musu aiki, saboda girman kan 'ya'yan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Wannan na daga cikin dalilan tsadarsa. Duk da haka kasuwarsa ba ta faɗi ba, har ma a 2022 ya zama nau'in da aka fi yi wa rajista a Amurka, bayan da nau'in Labrador ya shafe shekara 31 yana riƙe da kambun.

Gyara ya zo a makare kuma da jan ƙafa. A 2008 tashar BBC ta nuna wani shiri da ya fallasa cututtukan da kiwon gasa ya haifar, ta kuma daina watsa babbar gasar karnuka ta Crufts, abin da ya tilasta wa Kennel Club sake duba ƙa'idojinta. A 2019 ƙungiyar ta haɗa gwiwa da Jami'ar Cambridge ta fito da gwajin numfashi, inda likita ke saurarar kare kafin da bayan ɗan motsa jiki ya ba shi daraja, kuma a shekarar ce hukumomin Holan suka fara aiwatar da ma'aunin da ya ce tsawon hancin karen da za a yi kiwo da shi ya kamata ya kai kashi ɗaya bisa uku na tsawon kansa.

Saboda haka bambancin nauyi da kunne da zubar gashi da iyalai ke ɓata lokaci a kansa ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin da ke tsakanin mai kiwon da ke gwada numfashin uwa da uba da wanda ba ya yi. Iyalin da ya ga iyayen kwikwiyon da idonsa, ya tarar ƙofofin hancinsu a buɗe suke, kuma suna iya tafiya ba tare da kakari ba, ya yi zaɓi mai kyau ko wanne nau'in ya ɗauka. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 kuwa, kuma babu tabbacin sanyaya ɗaki dare da rana, babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace a ajiye.